Adda Ba Ta Sallamar Mutum da Yunwa

Bari in fara da wautata, tunda ko na ɓoye matan unguwar Malam Inna sun riga sun kai ta ko'ina. Ranar da muka kai Adda makwancinta, mun dawo daga maƙabarta ƙafafuna duk jar ƙasa, maimakon in zauna a tabarmar ƙofar gida inda maza ke karɓar gaisuwa, sai na ratsa zaure, na ratsa tsakar gida cike da mata, na tsaya a bakin madafi na leƙa kai na ce, "Adda, babu ɗan abin taɓawa ne?"

Da hannuna na zuba mata ƙasa, ban manta ba. Ƙafa da baki ne suka yi abin da suka saba ba su shawarci kai ba. Dama tun ina yaro ba su cika shawartarsa ba.

Wata tsohuwa maƙwabciyarta ta fara dariya, ta toshe baki da mayafi, dariyar ta rikiɗe ta zama kuka, kukan ya kama na kusa da ita ya zagaye gidan. Mai ɗakina ta taso ta ja ni da hannun riga.

"Malam, fita wajen maza. Ka tsufa, kai kaɗai ne ba a gaya wa ba."

Na fita na zauna. A kan tabarmar nan na gane ba ni kaɗai ne wawan ba, ni dai na riga kowa buɗe baki. Duk wanda ya zo zai ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan rai," mu shafa, sai ka ji ya faɗa zancen abinci. Mai keken da ke kai ta kasuwa ya ce bai taɓa sauke ta ba tare da ta ce ya kashe inji ya shigo ya sha kunu ba. Wani tsohon ma'aikaci ya zo daga GRA a mota mai baƙin gilashi, ya tattare babbar riga ya zauna a ƙasa, ya ce lokacin yana ɗalibi a ɗakin zauren maƙwabta yake kwana, ranar da zai tafi jarrabawa ta tare shi a hanya da dambu a ƙulle cikin ganye. Ya ce har yau in ya ji ƙamshin man gyaɗa da albasa gabansa faɗuwa yake kamar za a raba takarda. Bafulatanar da ke kawo mata kindirmo ta sauke ƙwaryarta a bakin zaure ta zauna, aka yi ta tambayarta nono ta ce yau ba na sayarwa ba ne. Liman kuwa cewa ya yi ya sallaci gawa da yawa a garin nan, bai taɓa juyowa ya ga sahun da kowa a cikinsa ya ci daga hannun mamacin ba sai ranar.

Can da la'asar sai ga wata mata ta sauko daga mota, ta yafa gyale irin yafin wanda bai saba ba. Ta shiga wajen mata ta daɗe, da ta fito ta durƙusa a gefen tabarma ta ce, "Baba direba, ya haƙuri?" Mutane suka yi ta kallon juna, don ba su san ta a dangi ba. Likita ce, Batangaliya, mai sa mutane barci in za a yi musu aiki. Na amsa mata kaina a sunkuye. Dalilin sunkuyarwar shi ne yawancin abin da zan faɗa a nan.

Babban ɗan Adda, wanda ke zaune a Federal Low-Cost, shi ya ce in rubuta wani abu a kanta don jikoki. Na ce masa, "Kai da ka yi karatu har ya ishe ka, ni za ka ba alƙalami? Ni da na bar firamare ta taga?" Ya ce, "Kawu, ni na san ta uwa. Kai ka san ta tun tana yarinya." To shi ke nan. Wanda ya ga rubutun ya karkace ya yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da sitiyari.

Adda ita ce babba a ɗakinmu, ni ne auta, kuma Auta take kirana har na yi furfura. Ita ta goye ni. Abin da ya sa ta zama yadda ta zama ya faru ina ƙarami ƙwarai, a bakinta na ji. Wata safiya Innarmu na kwance ba lafiya, Adda ce a murhu, yarinya ce da ko tukunya ba ta iya saukewa ita kaɗai. Babanmu zai bi motar auduga zuwa Kumo. Itacen ɗanye ne, wuta ta ƙi kamawa, kunu bai dahu ba, ga mota tana ta ƙaho a bakin hanya. Ya leƙo madafi ya dafa kanta ya ce, "Ajiye min, in na dawo na sha." Motar ta kife kafin su kai. Adda ta ce kunun nan ya wuni a rufe har yamma ba wanda ya taɓa shi.

Ba ta taɓa cewa yunwa ce ta kashe shi ba, ta san Allah ta san ajali. Amma daga ranar ba wanda ya sake fita daga hannunta zuwa wata tafiya da ciki wayam. "Mai fita, a fara sallamar cikinsa," haka take cewa. In ka ce ka ƙoshi ta ce, "Ba kai nake ba ba, hanya nake ba." In ka ce kana sauri ta ce, "Wanda ya fi ka sauri na san inda yake."

Sai ga ni, ɗan auta mai kunnen ƙashi, na rasa sana'ar da zan yi duk duniya sai tuƙin mota. Ranar da ta ji na fara bin babbar mota ta zo har tasha ta yi min tatas a gaban abokaina, ta ce in dai ita ta goye ni to ba ni ba ita. Damina guda ba ta amsa gaisuwata ba. Amma duk safiyar da zan tashi zuwa Yola ko Bauchi, zan tarar da kwano a rufe a zauren gidanta, don ta nan nake wucewa. Wata rana na yi zuciya na wuce ban taɓa ba. Sai na ji muryarta ta bayan katanga: "Dawo ka ci ka tafi. In ka dawo mu ci gaba da gabar."

Da na yi aure mai ɗakina ta ga abin ya yi yawa. Ta shirya ta je ta same ta, cikin ladabi, ta ce, "Adda, mutane za su ce ba na girki." Adda ta ce, "Ke ki ciyar da mijinki, ba wanda ya hana ki. Nawa na hanya ne." Shi ya sa na yi shekaru ina karya kumallo sau biyu, kuma kowa ya ga tumbina ya san ban yi asara ba.

Adda ba mai taushin baki ba ce, kar jikoki su ɗauka waliyyiya ce. Tana iya zaginka tana zuba maka miya. Ta raina girkin kowace mace a dangi, ta kuma faɗa a gaban mai girkin. In ta ba ka abu ka rage, za ta riƙe ka da shi har salla ta zagayo. Mijinta, Allah ya jiƙansa, ya kan ce shi bai taɓa sanin ko yana jin yunwa ba, don ba a taɓa barinsa ya bincika ba.

Yanzu ga inda likita ta shigo.

Bayan na ajiye tuƙi, ƙaba ta kama ni. Na ɓoye ta har ta ƙi ɓoyuwa, yaran unguwa suka fara cewa Baba direba ya ɗauko lodi ba mota. Aka sa ranar aiki. Ana gobe za a yi, wannan likitar ta zo bakin gadona ta yi min bayani dalla-dalla, da Hausarta mai ɗan karkata. Ta ce daga lokaci kaza ba tuwo, ba fura, ba kunu, ba shayi da madara. Ruwa zalla ne kawai ta yarda in ɗan sha, shi ma ta yanka min lokacin da zan daina. Ta sa na maimaita mata kamar ɗan makaranta. Ba zan ce ban gane ba. Na gane sarai.

Da safe sai ga Adda, hijabinta ya yi tudu ta gefe guda. Ta ja labule, ta fito da fulas.

Na ce, "Adda, an hana fa."

Ta ce, "Na ji. Da za ka Yola ma na ba ka, balle wannan? Mutum zai tafi inda ko sunansa aka kira ba zai ji ba, a ce ya tafi haka? Buɗe baki."

Kada in ɗora wa mamaciya abin da ba nata ba: gardamar da na yi ba ta wuce wannan ba. Fura ce ta gero mai yaji-yaji, da kindirmo mai sanyi. Na shanye na goge baki, na kwanta na yi fuskar mai azumi.

Aka tura ni ɗakin da ke gaban tiyata. Likita ta zo ta ce, "Baba, ka ci wani abu yau?"

Na ce, "Ni? Likita, rabona da abinci har na manta kamanninsa."

Ta dube ni. Ina jin idon mai yunwa daban yake da idon wanda ya sha fura, ko kuwa gyatsar da na danne ce ba ta dannu ba. Ba ta ce na yi ƙarya ba. Ta ce, "Oke. Bari mu tambayi cikin da kansa."

Ta jawo na'urar sikanin, irin wadda na ɗauka mata masu juna biyu kaɗai ake yi wa. Na ce, "Likita, in kin ga yaro ki rufa min asiri." Ta yi dariya, ta shafa min wani abu mai sanyi mai yauƙi a ƙasan ƙirji, ta ɗora kan na'urar tana goga shi a hankali tana kallon gilashi. Sai ta ce in juya in kwanta ta hannun dama, wai don duk abin da ke cikin tumbi ya gangaro inda za ta gan shi. Na juya ina salati a zuci, ina cewa ai ƙarfe bai san fura ba.

Ta juyo da gilashin wajena. "Baba, duba nan. Tumbin da ba komai a ciki ƙarami ne, a tsuke yake kamar bakin jakar da aka zuge. In ruwa zalla ne a ciki, sai ka ga wurin ya yi baƙi. Naka fa?"

Nawa a buɗe yake kamar bakin tulu, ga wani abu fari-fari yana juyawa a ciki. Ta danna nan ta danna can ta auna faɗinsa, ta ce abin da ke ciki zai cika moɗa.

"Kunu ne ko fura?"

Na ce, "Fura ce." Da na ga asiri ya riga ya tonu na ƙara da cewa, "Da kindirmo."

A nan fuskarta ta canza. Ta jawo kujera ta zauna. Ta ce, "Baba, in kana farke ka ƙware, me kake yi?" Na ce tari. Ta ce, "To in na sa ka barci, mai gadin maƙogwaronka ma barci yake yi. Ba tari, ba haɗiya. Wannan furar tana iya tasowa ta gangara cikin huhu, kai ba ka sani ba. Huhu kuma ba ya ɗaukar fura. Da na yarda da bakinka, wataƙila da yau gidanku ana shimfiɗa tabarma." Ta ce aikina ba na gaggawa ba ne, don haka ba za ta yi caca da raina ba, an ɗaga.

Aka turo ni waje ƙabata na nan daram. Adda ta miƙe.

"Wace ce ta hana a yi wa ƙanena aiki?"

Likita ta fito ta ce, "Mama, ni ce. Ke ce mai furar?"

"Ni ce. Tun ba a haife ki ba nake ciyar da shi, bai mutu ba."

"Yau da ya mutu, Mama."

Duk masu jinya suka juyo. Ba a saba gaya wa Adda magana haka ba, ni kaina na ja zani na rufe rabin fuska. Adda ta matso har tana jin numfashinta, ta ce a hankali, "Yarinya, na taɓa sallamar mutum da yunwa, bai dawo ba."

Likita ta dube ta cikin ido. Sannan ta ce, "Ni kuma Mama, ina ɗaliba na ga wanda aka sallama da ƙoshi. Uwarsa ce ta ba shi, don tana son sa. Shi ma bai dawo ba. Shi ya sa na koyi duba cikin."

Na zaci Adda za ta fashe. Sai ta ce, "Nuna min."

Aka mayar da ni, aka sake shafa min yauƙin nan, aka juya ni ta dama kamar ragon layya, Adda ta sunkuya tana ƙura wa gilashi ido. Likita ta nuna mata da yatsa. Adda ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "Wannan furata ce?" Aka ce ita ce. Ta ce, "Kai. Ga gudaji ma. Sauri ne ya sa ban dama ta da kyau ba."

Ranar da aka sake sa min, Adda ba ta shigo ɗaki ba. Ta zauna a ƙarƙashin bishiyar darbejiya a harabar asibiti da fulas a cinya, ita ma ba ta sa komai a baki ba. Likita ta sake dubawa, don ta ce bakina ya riga ya zubar da mutuncinsa, ta ga tumbi a tsuke ta ce, "Yau ya tuba." Aka yi aiki na farka lafiya. Da aka ba da izini Adda ta ɗura min furar nan da ludayi.

Daga nan ta zama 'yar sandar unguwa. Duk gidan da ta ji za a yi wa wani aiki, sai ta je ta ce, "Kar ku ba shi komai. Akwai madubi, har gudajin fura yana gani." Amma da na tsokane ta na ce ashe dai an musuluntar da ita, sai ta ce, "Na bi, ban yarda ba. Bi daban, yarda daban." Likita kuwa ta zama 'yarta, "'yata mai leƙen ciki" take ce mata. Duk salla kular masa na tafiya gidanta, duk Kirsimeti kular na dawowa da shinkafa, Adda ta ci ta ce gishiri ya yi kaɗan.

Ciwon suga ya daɗe a jikinta. A shekarar ƙarshe ta fara ramewa, abinci ya daina zama mata. Ta ɓoye, don ita a wajenta rashin cin abinci abin kunya ne. Tana girka wa mutane tana zuba musu, ita ta ce ta riga ta ci. Da ɗanta ya matsa aka je asibiti, aka ce ƙari ne a hanji, sai an yi aiki. Ya ɗauke ta zuwa Federal Low-Cost kafin ranar, ta yi ta faɗa da murhun gas, wai wutar da ba ta hayaƙi munafuka ce.

Mai ɗakina ce ta yi jinyarta a asibiti. Safiyar aikin na zo da wuri. Likitar nan ce dai, ta fara furfura ita ma. Ta ce, "Mama, kin ci wani abu?" Adda ta ce, "Ki tambayi cikin mana, ba aikinki ke nan ba?" Aka shafa, aka juya ta ta dama a hankali, don ta zama kamar kara. Likita ta ƙura wa gilashi ido. Ni ma na leƙa, don yanzu na san abin. Tumbin ba a tsuke yake ba. Akwai saura a ciki.

Duk idanu suka dawo kaina. Ɗanta ya ce, "Kawu!"

Na rantse da abin da zai kashe ni. Wa zai yarda? Ɓarawon da aka taɓa kamawa ko a masallaci aka gan shi sai an duba takalma.

Likita ta ce, "Ku bar Baba. Wannan ba na yau ba ne, na jiya ne bai wuce ba. Ciwon suga yana sa tumbi nawa, sai mutum ya kiyaye duk abin da aka ce masa amma abincin na nan zaune. Da lissafin lokaci kaɗai na bi, da na ce ba komai." Ta ce za a jira, a ci gaba da ƙarin ruwa ana duba suganta, in an jima ta sake leƙawa.

Haka aka shiga jira. Hantsi ya yi, rana ta take. Ɗanta ya fita amsa waya, mai ɗakina ta tafi alwala. Ya rage ni da ita. Leɓenta ya bushe ya yi fari. Ta ɗaga hannun da aka sa wa robar ruwa ta dube shi ta ce, "Wai wannan ne abincina. Ta hannu, kamar ba ni da baki."

Na yi dariyar dole.

Ta ce, "Auta, da muka shigo na ga mai nono a bakin ƙofar asibiti."

Na ce, "Adda."

"Ludayi ɗaya. Ba yunwa nake ji ba, na daɗe da daina jin ta. Don dai kar in fita haka."

"Madubin zai gani."

"Na sani. Ni na gaya wa unguwa." Ta rufe ido. "Ban taɓa roƙonka komai ba, ka duba."

Gaskiya ta faɗa. Tun da nake, ba ta taɓa cewa in ba ta ba, sai dai in karɓa. Na tashi na fita. Na je har bakin ƙofa, na sa mai nono ta dama fura, na tsaya a kanta na ce ta murje gudajin sosai. Na zuba a fulas ɗin Adda, wanda mai ɗakina ta zo da shi da ruwan zafi. Na taho da niyyar in ba ta, Allah ne shaida. Ludayi ɗaya, wa zai mutu don ludayi ɗaya? Ina tafe a barandar nan ina gaya wa kaina haka. Sai hoton nan ya tsaya min a ido, farin abu yana juyawa a cikin tumbi, da muryar likita tana cewa mai gadin maƙogwaro ma barci yake. Ni da ban riƙe karatun kowa ba a duniya, wannan ɗaya ya zauna.

Na shiga na nuna mata fulas ɗin, na ajiye shi a kan durowa inda hannunta ba zai kai ba. Na ce, "Ga ta nan, Adda, mai kyau ce. Na ajiye miki. In kin dawo kya sha."

Sai da maganar ta fita na ji abin da na faɗa. Ta buɗe ido ta dube ni, ta dubi fulas. Ta ce, "Haka Babanmu ya ce." Ta juya fuska bango.

Bayan azahar likita ta dawo da na'urarta. Wannan karon tumbin ya tsuke, ɗan ƙarami kamar bakin jaka. Ta ce, "Mama, yanzu hanya ta yi kyau, za mu iya tafiya." Aka tura ta.

An yi aikin, ta farka, huhunta fes, ba abin da ya shiga. Ta gane mu, ta matse hannun ɗanta, ta dube ni. Amma ba ta da ƙarfin magana, kuma wanda aka taɓa wa hanji ba a ba shi abinci sai hanjin ya motsa. Muka yi ta jira ya motsa. Zuciyarta ce ta gaji kafin nan. Washegari ta cika da rana tsaka, mai ɗakina na jiƙa mata leɓe da auduga. Furar ta yi tsami a kan durowa. Ban san wanda ya zubar ba, ban kuma tambaya ba.

Shi ya sa na sunkuyar da kai da likita ta durƙusa a gefen tabarma. Ba haushinta nake ji ba. Ashe mai ɗakina ta riga ta ba ta labarin fulas ɗin a cikin gida. Kafin likita ta tashi ta rage murya ta ce, "Baba, abin da ka yi daidai ne. Da ka ba ta, ko in gani in ƙara mata jira, ko ya wuce min ta tafi a kan tebur ba ta sake ganin ɗanta ba. Kai ka ba ta wannan farkawar." Na ce na gode. Na san gaskiya ta faɗa. Da za a mayar da ni barandar nan, abin da na yi shi zan sake yi. Sanin hakan bai sa na ɗaga kai na dube ta ba.

Allah ya jiƙan Adda, ya yafe mata kaifin harshe saboda faɗin ludayinta. Ya shayar da ita daga abin da ba a jin ƙishi bayansa. Jikoki, in an ce muku kada a ba mara lafiya komai, kada ku ba shi, ko da kuka yake, ko da shi ya goye ku. In kuma baƙo zai kama hanya daga gidanku, ku tsayar da shi ya ci. Duka biyun nata ne.

Akwai abu ɗaya da ban gaya wa likita ba, ban gaya wa ɗanta ba. Da ake tura gadon zuwa tiyata ina biye a gefe, dab da ƙofar da ba a barin mu wucewa, ta kamo bakin rigata. Na sunkuya. Akwai ɗan murmushi a bakinta, har yau ban san ko tsokana ce irin tamu ko da gaske take ba. Ni kuwa, sarkin surutun tasha, na yi kamar tayar gadon ce ta maƙale, na durƙusa ina duba ta har aka buɗe ƙofa aka shige da ita. Abin da ta ce shi ne:

"Auta, kowa na sallama da ƙoshi. Ni haka za ka sallame ni?"